Sha Huɗu

A garinmu, can gefen Jos, ba a kirana mashayi, amma ba a taɓa yi mini gori a gaban ƙwarya ba. Na tashi ina kallon tukwanen burkutu suna tafasa a bayan gidan kakata, kuma tun ina saurayi nake shan baƙar Guinness ɗin nan tamu mai ƙarfin kashi 7.5 cikin 100, ƙafata ba ta taɓa ɓata hanyar gida ba. Da wannan taƙama na sauka Shikago a watan Nuwamba, wurin ɗan ƙanwata, cikin wata iska da ke tasowa daga Tafkin Mishigan tana marin mutum kamar ya ci mata bashi.

Ran Asabar yaron ya ce, "Kawu, shirya, yau za ka ɗanɗani giyar da ta shekara a ganga." Na yi dariya. A wurinmu burkutun da ya kwana biyu ya yi tsami sai dai a zubar, su kuma nan har alfahari suke yi da abin da ya kwana ɗari uku da sittin.

Wurin wani tsohon sito ne, an jera gangunan katako har kusa da rufi, kowace tana cin wajen lita 200. Wani saurayi mai gemu kamar fasto ya shiga yi mana bayani. Gangunan daga jihar Kentaki ake sayo su, inda ake dafa barasar masara da suke kira burbon. Dokar Amurka ta ce ba a ajiye burbon sai a sabuwar gangar itacen oak wadda aka babbake cikinta da wuta, don haka ana juye barasar sai gangar ta zama kwantai. Masu giya na Shikago suka fara saye tun shekarun 1990, suna ɗura baƙar giya mai kauri a ciki. Da zafi katako ya buɗe ya tsotse ta, da sanyi ya matse ya tofo ta, haka har ta kwashe duk abin da burbon ya bari. Ni itacen oak a Littafi Mai Tsarki kaɗai na san shi, shi ne ya kama Absalom ta ka. Da na yi hankali da na tsaya a kan wannan.

Sai aka kawo abin. Kofin gilashi mai tumbi, kamar ƙwan fitila, an ɗiga wani abu a gindinsa wanda bai kai rabin kofin shayi ba. Raina ya ɓaci. Ɗanɗanon da mai burkutu ke ba ka kyauta kafin ka saya ya ninka wannan sau uku. Baƙi ne ƙirin, kamar man da bakanike ya juye daga injin tsohuwar tifa, in ka karkata kofin sai ya bi gilashin yana saukowa a hankali kamar zuma. Na duba makwabtana. Kowa na juya nasa, ya cusa hanci, ya lumshe ido, ya rubuta wani abu a waya. Wata mata ta ce tana jin ƙanshin kwakwa da fatar takalmi. Na ce a raina, baiwar Allah, asibiti ya kamata ki je.

Amma da na kurɓa, wallahi na ji kunyar kaina. Ɗaci kaɗan, irin na gahawa, sai zaƙin dabino, sai cakulan, sai ƙauri-ƙaurin sukarin da ya kama a tukunyar mai alewa, daga ƙarshe wani ɗumi ya gangara ƙirji ya shimfiɗa tabarma. Babu yaƙi, babu cizo. Na ɗaga kai na shanye.

Yaron ya zaro ido, ya matso kusa da kunnena saboda kiɗa. "Kawu, a hankali! Sha huɗu fa!"

Shi ƙarfin giyar yake faɗa mini, kashi 14 cikin 100. Ni kuwa abin da na ji shi ne ɗan ƙanwata, yaron da na goya, ya yanka mini iyaka: in sha huɗu. Na ce to, ba laifi, ɗa na gari ke nan, ya san darajar kawunsa. Ya tafi gaisawa da abokan aikinsa, ni kuma na ɗaga wa mai gemu yatsu uku.

Na biyu ya fi na farko daɗi. A na uku ne mai gemu ya ba ni labarin yadda masu giya na Landan suke aika irin wannan baƙar zuwa fadar sarauniyar Rasha, Katarina, a ƙarni na 18, na kuwa ji tausayin matar har idona ya kawo ruwa. Na huɗu ban tuna ɗanɗanonsa ba. Abin da na tuna shi ne kaina garau yake, lissafi ma zan iya, sai da na miƙe na tarar gwiwoyina sun ajiye aiki ba sanarwa. Na dafa wani ƙato na ce masa sannu da aiki. Ganga ce.

Sauran labarin a wayar yaron na gani. Ga ni a waje ba kwat, ina shaida wa masu wucewa cewa sanyin Jos ya fi wannan. Ga ni na ja waƙar ƙungiyar mazan cocinmu, Turawa biyar suna amshi da tafi a inda bai dace ba. Ga ni kuma na riƙe hannun mai gemu ina cewa "albarka, ƙara dai," alhali ni ne mai saye.

Da safe na farka harshena kamar an shimfiɗa masa buhu. Na lallaɓa zan shiga banɗaki, na yi karo da ita a tsakiyar falo: ganga, fanko, tana ƙanshin daren jiya. Yaron na zaune yana shan shayi, ko murmushi bai yi ba.

"Kawu, ka ce Mama za ta riƙa tara ruwan sama a ciki. Ka biya, har ka hana a ba ka canji."

Gangar ta haura kilo 40, jirgi kuwa kilo 23 ya yarda wa kowace jaka. Har yau tana can Shikago, yaron ya ɗora mata talabijin. Duk ƙarshen wata sai ya turo hotonta a zauren WhatsApp na dangi, maman yara kuma ta rubuta a ƙasa cewa damina ta kusa.