Sabis a Kan Kuka

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, Batsari da Safana na ciki, domin a toshe kafar masu kai wa 'yan bindigar dajin Rugu rahoto. Kowa ya ce Allah ya sa a dace, har da ni, duk da cewa tuwona kacokan a kan sabis yake. Ina da ɗan shago a Batsari: kwamfuta huɗu, firinta ɗaya, da rauta mai kunnuwa biyu da ake saka wa sim. Da ita nake duba wa ɗalibai sakamakon jarrabawa, in cika wa mutane fom. Aka wayi gari rauta tana ta ƙyafta jan ido, ni kuma ina korar ƙuda.

Ana nan sai yara suka kawo labari wai akwai wata tsohuwar kuka a kan tudu bayan shagona, in ka hau can ƙoli kana samun sanda ɗaya ta sabis. Wasu suka ce daga Nijar take zuwa, wasu suka ce daga wajen Katsina. Ni ban damu da asalinta ba. Lissafina shi ne: tunda sabis ya ƙi saukowa, sai a zura masa igiya.

Na shiga mota zuwa Katsina, na sayo kwali guda na kebul, mita 305, mai shago yana rantsuwa zallar jan ƙarfe ne. In ka feɗe fatar wannan kebul za ka tarar da siraran wayoyi takwas, an murɗe su bibbiyu kamar kitso, kuma murɗin ne ke hana hayaniyar wutar lantarki gurɓata saƙo. Kafin ka matse su cikin ɗan kan roba sai ka jera su bi da bi: fari mai ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa. Na haddace wannan jeri fiye da sunayen 'ya'yan yayyena.

Na bi turakun da masu ɗiban ganye suka kafa, na ɗaure rauta da batirin babur a reshe, na janyo kebul kusan mita 180 har cikin shago. A sama rauta ta yi koren ido. A ƙasa kwamfuta ko gezau.

Ina da aboki a Katsina da muke kira Injiniya, wanda ke haɗa kwamfutoci a cibiyoyin jarrabawa. Ba halin kira, sai na ba direba takarda. Amsa ta dawo a bayan takardar tawa: "Mita ɗari ce iyakar wannan kebul. Bayan nan saƙo ya galabaita. Sa suwic a tsakiya ya farfaɗo da shi." Har da ƙarin wa'azi, wai abin da muke kira mara igiya ƙarya ce ta ɗan taƙi: daga hannunka zuwa dogon ƙarfen sabis ne kawai ake tafiya a iska, daga nan sai ganguna masu kallon juna, sai zaren gilashi a ƙarƙashin ƙasa har Legas, inda kebul irin na MainOne, wanda ya fara aiki a 2010, ke nutsewa cikin teku zuwa Fotugal. Mutum yana cikin yunwa ana ba shi labarin teku.

Tsakiyar hanya kuwa ta faɗa daidai gidan Inna Hajiya. Ta yarda a ajiye suwic da batirinsa a zaurenta, ta bi kebul da kallo har inda ya tsallake tsakar gidanta, ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka." Sai washegari na fahimci albarkar me ake sa mini. Zannuwa biyar, hijabai, da bargon jikanta duk suna kai, nauyin ruwa ya tumɓuke kan kebul daga suwic. Da na yi magana ta ce igiya a cikin gidanta, a ce kada ta yi shanya? Muka yi sulhu: ɗankwali da safa kawai.

Ranar da shafin farko ya fara buɗewa, rabi fari rabi rubutu, sai sandar ta ɓace. Na ruga na hau kuka don in juya kunnuwan rauta. Magariba ta kawo jiki. Ina can sama rungume da akwati mai ƙyalƙyali, sai na ji murya daga ƙasa: "Kai! Wa kake yi wa magana?"

'Yan sa-kai ne, da bindigogin toka. A irin wannan lokaci, mutum a kan bishiya da na'ura mai eriya yana fuskantar yamma, wajen daji, suna ɗaya gare shi: infoma. Ban taɓa sanin ana saukowa daga kuka da irin wannan ladabi ba.

A ƙofar gidan mai unguwa aka baje kayana. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, sakamakon jarrabawar yara nake nema." Wani ya yanka kebul ya ɗaga sama: wayoyi takwas, kowace da launinta, wato ke nan mutum takwas nake yi wa aiki. Na shiga bayanin murɗi da jeri, fari mai ruwan lemo, ruwan lemo. Wani dattijo ya ce a rubuta, sunayen ɓoye ne.

Allah ya taimake ni kawuna na Safana ya shigo gari ta'aziyya, aka kira shi. Ya dubi rauta, ya dube ni, ya gyara rawani ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan a hannuna ya tashi. Wallahi ba shi da wayon da zai yi infoma. Ko aikensa ka yi sayen gishiri sai ka haɗa shi da wani." Jama'a suka fashe da dariya, har mai bindigar. Inna Hajiya ta iso ta ba da tata shaidar, cewa ita dai igiyar shanya ta sani, kuma ba ta da wani ƙwari. Mai unguwa ya yanke hukunci: rauta ta kwana a wurinsa sai an dawo da sabis, kuka kuma na bar wa masu miya.

Na tsira da guntayen kebul, na haɗa kwamfutocin nan huɗu da firinta ta cikin suwic, suka ci gaba da hira da juna ba ruwansu da abin da duniya ke ciki. Aikin intanet kuwa sai in tara a filas in hau mota zuwa Katsina.

Ragowar kwalin Kawu ya ɗauka, ladan shaida, ya tafi da shi Safana ɗaurin dawa. Bayan girbi ya aiko direba da saƙo: kebul ɗin na tsinkewa, cikinsa farin ƙarfe ne aka shafa wa ja, igiyar rama ta fi shi sau goma. Ya ce in koma wurin mai shagon in karɓo masa kuɗinsa.