Yadda Za Ka Ceto Muryar Kaka Daga Cikin Adaka

Kafin wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, wanda ya yi nisa da gida kuma bai yarda ɗan makaranta ya karanta masa sirri ba, kaset yake saya. Baffan da ya tafi sauke farali ya zarce shekara goma a Makka sai ya danna rikoda, ya gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da jaririn da bai taɓa gani ba, ya ba alhazai su kawo. A nan Wudil kuma a taru a tsakar gida bayan isha'i a mayar masa da martani, kowa na gyaran murya. Yawancin waɗannan kaset-kaset suna nan a ƙasan adaka, tsakanin tsohon fasfo da rasit ɗin keken ɗinki. In ka yi niyyar ceto su, to saurara.

Aikin farko shi ne raba su da Hajiya mai adakar. Kada ka kuskura ka ce "zan kai gyara", domin wanda ya faɗi haka a baya ya tafi da rediyonta, har yau tana ambatonsa. Je da goro, ka zauna ka sha labari, ka yi alkawarin aikin a gabanta za a yi.

Da sun zo hannunka, duba gefen sama na kowane kaset. Akwai 'yan kunnuwa biyu na roba, ka ɓalle su da ƙusa. Muddin babu su, maɓallin ɗauka ba zai dannu ba. Wanda ya raina wannan shawara zai wayi gari ya ji autansa yana rera karatun allo a daidai wurin da Kaka take wasiyya.

Kada ka gaskata abin da aka rubuta a jiki. Mai ɗauke da "Tafsiri" kana iya samun Shata a ciki, mai ɗauke da "Shata" kuma waƙar Indiya, saboda a gidan Bahaushe kaset ɗaya yakan yi aure uku. Kuma kada ka ɓata ƙarfinka a kan mawaƙa. Shata ya rasu tun 1999, amma duk mai tura waƙoƙi a bakin tasha zai cika maka memori da shi kafin ka gama cin tsire. Wanda ba a rubuta masa komai ba, mai datti, shi ne dukiyar, don ba shi da na biyu a duniya.

In ka ga fari-fari a jikin zaren, fumfuna ce, danshin damina ya yi aikinsa. Na san kogi na kusa, amma kaset ba ya son wanka. Ba ya son shanya a rana tare da kuɓewa, zafi yana lanƙwasa shi. Ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa har ya bushe, sannan a share a hankali. Kada kuma ka ɗora shi a kan sifika, maganaɗisun da ke ciki yana iya cin murya ba tare da ya bar alama ba. Daga nan sai biro. Zura shi a ramin, ka juya zaren daga farko har ƙarshe don ya saki jiki. Yara za su tsaya suna kallonka da tausayi, ƙyale su.

Zaren da ya tsinke, iyayenmu da jan farce ko salatif suke haɗa shi. Allah Ya saka musu, amma danƙon yana tsattsafowa ya manne zaren da ke kusa. Akwai siririn tef da aka yi don wannan aiki, a bayan zaren ake liƙa shi, ban da fuskar da ke gogar hed. In gidan kaset ɗin ne ya fashe, kwance 'yan kusoshinsa guda biyar ka mayar da zaren cikin wani gidan mai lafiya. A nan waƙar Indiyar nan za ta yi amfani.

Sai neman rikoda. Ranar Juma'a a karar Wudil za ka samu bijimin da ya fi ƙarfin aljihunka cikin minti biyar, amma rikoda mai aiki sai an tona, don 'yan jari-bola sun riga ka. Nemi tsohon mai gyaran rediyo, irin wanda tabaransa ke ɗaure da zare. Zai ce maka bel ya narke, kuma gaskiya ya faɗa. A sa sabo, a goge hed da auduga da sifirit, a fara gwaji da kaset ɗin da ko ta tauna ba mai kuka. Sayi sabon batir. Zaren yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa, da batir ya yi sanyi sai ka ji Kaka tana magana da muryar sarkin fawa.

Kada ka kara waya a bakin sifika ka ce ka ɗauka. Abin da za ka samu shi ne zakaran maƙwabta, mai tallan kifi da tirelar da ke hawa gada, Kaka kuma can daga nesa. Kebul ake jonawa daga ramin abin sauraro na rikoda zuwa kwamfuta, a ɗauka da Audacity, manhaja ce ta kyauta. Kusan kowace unguwa akwai ɗalibin Jami'ar Aliko Dangote da ake kira injiniya tun yana aji ɗaya, yau ranarsa ce. Ka gaya masa kaset mai lamba 90 minti casa'in yake ci, ba a yi masa hanzari. Ya ajiye na asali a WAV, ya yi MP3 don rabawa. In ya ce zai wanke hayaniyar, ya wanke kwafi. Sautin daka da kiran sallar da ke bayan maganar, su ma na gidan ne.

Yanzu ga inda mutane ke halaka. Kada ka tura wa zauren dangi na WhatsApp kafin ka saurara kai kaɗai, ƙofa a rufe. Mutanen da suka yi maganar nan ba su san za ta kai yau ba. Bayan gaisuwa da addu'a, a gefe na biyu ake shiga zance: wa ya ci bashin kuɗin shanu bai biya ba, gonar bakin kogi ta wa ce, da kuma ra'ayin Kaka a kan sabuwar amaryar gidan, wadda ba ta iya tuwo ba. Amaryar nan ita ce Hajiyar da ka kai wa goro. Minti uku na irin wannan ya isa ya tayar da rabon gadon da aka rufe tun zamanin Shagari. Abin da ya shafi haƙƙi ka kai wa manya a asirce, zancen tuwo kuwa ka bar shi a kwamfuta.

Sauran ka zaunar da dattawan gida su saurara, su faɗa maka muryar wane ce wannan, a wace shekara, a bikin wa. Rubuta a takarda, ka sa wa kowane fayil suna. Yi kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash a gidan ɗan'uwa, ɗaya a intanet, don memorin waya ba ya sallama in zai mutu. Kaset ɗin kuma ka mayar wa Hajiya kayanta cikin roba mai murfi, a ɗora a sama inda ruwa ba ya kaiwa.

Malam, ka fara aikin nan da ranin bana, tun masu gane muryoyin suna raye kuma mai gyaran rediyon bai koma sayar da caja ba.