Injiniyan Gida da Filashin Gwaggo

A danginmu, duk wanda ya iya canza wa waya hoton bango injiniya ne. Ni kuwa har kwas ɗin kwamfuta na yi, don haka da filashin hotunan bikin autar Gwaggo ya ƙi buɗuwa, ba a tsaya shawara ba, ni aka aiko wa.

"Ɗan nan, kamu da dina da kai amarya duk suna ciki. Mai hoton kuma ya ce ya goge nasa."

Na soka filashin a kwamfuta. Windows ta ce jakar BIKI ta lalace, ba ta karantuwa. Na gyaɗa kai irin na ƙwararru, na ce a ba ni zuwa la'asar, na kulle ɗaki na faɗa intanet.

Ashe filashi tamkar ɗakin ajiyar kaya ne na tashar mota: buhuna suna ciki, amma littafi ne ke nuna na wane yana wace kusurwa. Tsarin FAT32, wanda ƙananan filashi suka fi zuwa da shi, ba ya rubuta aikin da yake tsaka da yi, saɓanin NTFS. In aka fizge filashin ana cikin kwafi, littafin ne ke yagewa. Jikan Gwaggo ya amsa cewa shi ya fizge, zai sa katun.

Na buɗe baƙin allon nan na ba da umarni, na rubuta chkdsk E: /f. Gwaggo ta leƙo ta taga. "Ka kashe ta ne?" Na ce aiki take. Kwamfuta ta yi wata tambaya, na danna Y da bismillah, ta ce ta gyara komai.

Na buɗe filashin: wayam! Littafin ta gyara, ta hanyar soke BIKI ɗungurungum. Gumi ya karyo mini. Da ƙyar na gano wata ɓoyayyiyar jaka, FOUND.000, inda ta zuba tarkacen da ta tsinta: FILE0000.CHK, FILE0001.CHK, haka dai har ƙasa. Na riƙa mayar da wutsiyar sunayen .jpg ɗaya bayan ɗaya. Wani ya buɗe, wani ya ƙi. Ango ya fito daga hula zuwa ƙirji, ƙasa kuwa toka-toka.

"Sauran angon fa?" in ji Gwaggo.

Sai na ɗauko manhajar PhotoRec. Ita ba ruwanta da littafi, filashin take bi lungu-lungu, duk abin da ya yi kama da hoto ta kwashe zuwa wata ma'ajiya daban. Hotuna suka dawo tuli, har da waɗanda aka goge, domin gogewa suna kawai take sokewa a littafi.

Bayan isha'i dangi suka taru a tsakar gida ana kallo, ana sa mini albarka. Can sai ga hoton Gwaggo, wadda ta shaida wa kowa cewa kafin a fara kiɗa ta bar wurin dina. Ɗankwali ya zame, cinyar kaza a hannu, tana cashewa a tsakiyar fili. Hoton da ta sa jikan ya goge tun washegarin biki ke nan.

Ta jawo ni gefe. "Injiniya, tunda ka iya tada matacce, ka iya binne shi yadda ba zai sake tashi ba?"

Na fara yi mata bayanin yadda ake danne filashi da sabon rubutu, sai wayoyin tsakar gidan suka ɗauki ƙara lokaci guda. Hoton ya shiga zauren WhatsApp na dangi.