Ɗanyen Kifi a Bayan Saulawa

Ƙanina ya dawo daga karatu a Japan da larura biyu: rusunawa ko yaro zai gaisar, da ɗokin kwana a daji. Wai a can idan kaka ta yi, ganyaye suka rine ja, sai mutane su ɗauki tanti su tafi kallo. Na ce a nan idan kaka ta yi buhu ake ɗauka. Bai ji ba, ni ma ban ƙi ba.

Muka bar Zariya, muka ratse a Tashar Yari. A Makarfi ya loda rake har bayan motar ya durƙusa. Magariba ta riske mu bayan Saulawa, a wata gona da aka kwashe masara. Ƙasa ta bushe ƙamas, turakun tanti duk suka lanƙwashe, dole muka ɗaure shi a jikin ɗorawa.

Nan ya zazzage kayan sushi: shinkafa mai danƙo, ruwan tsami, da baƙin ganyen teku mai kama da takardar laya. Kifin da ya samo tarwaɗa ce, ya yanka ta siri-siri, ya fiƙe karan dawa biyu ya miƙo mini.

"Bisimilla, Yaya."

"Ina wutar?"

"Ai haka ake ci."

Muna cikin wannan ja-in-ja wata akuya ta lashe rabin ganyen tekun, ta tsallake kifin ko shinshinawa ba ta yi ba. Sai ga hasken tocila ta ko'ina. 'Yan sintiri ne. Baƙi biyu da dare, ga wuƙa, ga ɗanyen kifi an naɗe shi da baƙin abu. Ƙanina ya rusuna musu har sau ba adadi, abin ya ƙara musu zargi. Suka tasa ƙeyarmu sai zauren mai unguwa.

Dattijon ya ɗaga sushi ɗaya ya juya shi. "Samari, ashana kuka rasa?"

Ya aika cikin gida aka fito da tuwon masara, miyar kuɓewa da soyayyiyar awara. Ƙanina ya zaro ido.

"Baba, ai Japanawa ma suna cin awara kullum! Wannan miya kuma da Ajinomoto a ciki. Wani malaminsu, Kikunae Ikeda, shi ya gano sinadarin a ganyen teku a 1908, aka fara sayarwa a 1909. Yanzu har daga rake da rogo ake yin sa."

Mai unguwa ya gyaɗa kai. "Ashe mun daɗe muna cin abincinsu. Mu dai dafawa muke yi."

A zauren muka kwana, ƙanina ya tashi da kwano biyu. Da safe muka koma ɗaukar kaya, muka tarar mai gonar ya shimfiɗa tantin yana shanya barkono. Ya dube mu ya ce leda ce mai kyau, nawa za mu sallama?