Idan Injin Sassaƙa Ƙarfe Ya Kama Makyarkyata

Ka ɗaure ƙarfe a bayis, ka kunna inji, sai ƙara ta cika gida har uwargida ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Ka kashe ka duba, fuskar da ya kamata ta yi sumul ta fito kunya-kunya kamar gonar gyaɗa. Ɗan'uwa, kada ka tafi neman rubutun sha, kada kuma ka ɗauki alhakin mai sayar da ƙarfe. Makyarkyata ce, kuma ba a kanka ta fara ba. Tun a 1907 injiniyan Amurka Frederick Taylor ya lissafa ta cikin matsalolin da suka fi ɗaure wa masu yankan ƙarfe kai. Haƙorin wuƙa ne ke girgiza ya bar ɗan tudu, na bayansa ya zo ya hau tudun ya ƙara girgiza, haka dai har maƙwabta su fito.

Fara tuhumar wuƙar. Yawancin laifin nata ne, don ta cika leƙe. In ka ninka tsawon da ta leƙo waje, lanƙwasar da za ta yi sai ta ninka sau takwas. Tura ta ciki, ka bar iya abin da aiki ke bukata. Goge mariƙinta kafin ka ɗaure, ɗan ɓarɓashi guda ya isa ya sa haƙori ɗaya ya riƙa cin rabon 'yan'uwansa. In kuwa a bakin dirila ka maƙale ta, to ka nemi gafarar injin, ba a yi bakin dirila don yankan gefe ba.

Daga nan ka kama teburin injin ka jijjiga shi da hannu, inji a kashe. Ya motsa? Matse sukurorin gefensa, ka kulle duk ɓangaren da ba ya tafiya.

Saurari abin da ɓarɓashi ke faɗa maka. In gari yake fita, wuƙar shafa take yi, ba ci ba: rage juyi, ƙara turawa. Mutane da yawa na jin ƙara sai su sassauta hannu don tausayi, abin ya ƙara lalacewa. In ɓarɓashin ya koma shuɗi alhali wuƙarka ta ƙarfen HSS ce, ta ƙone ko tana hanya. Wuƙa mai faɗin milimita 10 a kan baƙin ƙarfe mai taushi, juyi 900 a minti ya wadatar. Alminiyam kuwa maƙale-mata ne, yana liƙe wa haƙori. Ɗiga masa kananzir, ka ba shi wuƙa mai haƙora biyu ko uku.

In babu ƙara amma kana ganin matakala tsakanin layi da layi, kan injin ne ya karkace, daidaita shi da agogon awo.

Don Allah abu ɗaya za ka riƙa canzawa kafin kowane gwaji, ka sa tabarau, kuma kada ka share ɓarɓashi da yatsa.