Sambarka da Irin Karramawar Gwamnati

A gaida gwamnati, a gaida masu riƙe da ita. Duk wanda ya ce hukuma ba ta karrama 'yan fim ɗin Hausa ba, ko dai bai bi tarihi ba, ko kuma butulci ne ya rufe masa ido. Daga Kunci nake wannan rubutu, ƙaramar hukumar da aka sauya wa suna ta koma Ghari a 2024 don a raba mu da ƙunci, saboda haka mun fi kowa sanin yadda hukuma ke share wa talaka hawaye.

A nan wajenmu babu sinima, amma fim ya shiga kowane gida. Ranar kasuwar Shuwaki ka leƙa shagon mai cajin waya: janareta na kuka, wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta, yaro na zaune gaban kwamfuta yana tura wa mutane fim a memori. Manomi ya sayar da tiyar gero, ya ware 'yan canji, ya ce a sa masa ci gaban shirin da matan gida suka aiko shi. Da dare, bayan an kwashe tuwo, sai a jingina wayar da ƙwarya a tsakar gida, mata da yara su kewaye ta, wanda kansa ya tare wa wani ya sha ranƙwashi. A irin wannan zama na tambayi goggona, na ce, "Goggo, kin san kyautar da gwamnati ke bai wa masu yin fim ɗin nan?" Ta ɗago kai ta ce, "Wace kyauta, ɗan nan? Ni dai na san an taɓa ɗaure Ibro."

Kun ji hikimar gwamnatinmu. Kyautar da ta isa har tsakar gidan tsohuwa a ƙauyen Kunci, ta kuma zauna mata a rai shekara goma sha, ai ba ƙaramar kyauta ba ce.

Wasu ƙasashen ba su da wannan dabara. Indiya, wadda muka tashi muna kallon fina-finanta, tun 1954 gwamnatinta ke ɓata lokaci tana raba lambobin yabo, har da ware wa harsunan jihohi nasu rukunin, wai don mai yin fim da Tamil ko Bangali ya ji ƙasarsa ta san da shi. Burkina Faso, da duk talaucinta, tun 1969 take tara masu fim na Afirka a Wagadugu a bikin FESPACO, kuma tun 1972 ake ba gwani Dokin Yennenga. Wanda ya fara ɗaukar dokin nan maƙwabcinmu ne, Oumarou Ganda na Nijar. To, mutum-mutumin doki me zai yi wa mutum? A ajiye a kan kanta ya yi ƙura. Tamu kyautar a jiki ake jin ta.

Sana'ar nan ba gwamnati ce ta haife ta ba, wannan ma abin godiya ne, don ba ta tsoma baki ta ɓata ta tun tana jaririya ba. 'Yan ƙungiyar Tumbin Giwa ne suka fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, da kuɗin aljihunsu. Cikin shekara goma abin ya zama kasuwa mai ciyar da dubban mutane, tun daga marubuci da mai ɗaukar hoto har mai tallan kaset a Bata da Ƙofar Wambai. Mujallu irin su Fim da Tauraruwa suka fito, aka raɗa wa masana'antar suna Kannywood. Da gwamnati ta ga yaro ya girma ba da nononta ba, sai ta ba shi kyautar farko a ƙarshen 2000: ta dakatar da harkar baki ɗaya. A 2001 ta kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, aka ce a dawo aiki, amma a biyo ta ƙarƙashin hannunta.

Zamanin da karramawa ta kai ƙololuwa shi ne daga 2007, lokacin mulkin Malam Ibrahim Shekarau, sa'ad da aka ɗora Malam Abubakar Rabo Abdulkarim a kan hukumar. Laifin mutum biyu a wani bidiyon waya ya sa aka hana dubbai ɗaukar fim na tsawon watanni. Adalci ke nan, kada a ce an nuna bambanci. Aka kuma samar da kotun tafi-da-gidanka, don kada gwani ya wahala wajen neman lambarsa, ita za ta iske shi. Adam A. Zango ya karɓi tasa a 2007, wata uku a kurkuku kan faifan waƙoƙinsa Bahaushiya. Rabilu Musa Ɗanlasan, Ibro, mutumin da ya fi kowa sa Bahaushe dariya a zamaninsa, ya karɓi wata biyu a 2008.

Amma gwarzon shekara shi ne Alhaji Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, kuma a kansa ne ya kamata a tsaya, domin shi ne gwamnati biyu suka karrama a kan fim ɗaya cikin shekara ɗaya. Fim ɗinsa Tsintsiya labari ne na zaman lafiya tsakanin ƙabilu da addinai, a ƙasar da rikici ya sha cinye rayuka. A 2008, a bikin Zuma da Hukumar Shirya Fina-finai ta Najeriya ke gudanarwa a Abuja, aka ba fim ɗin lambar yabo a rukunin masu taɓo matsalolin al'umma. Gwamnatin Tarayya ke nan ta yi nata. Kano kuwa ta ga ba za a fi ta kara ba. Ya dawo gida aka kama shi, bisa tuhumar sakin fim ba tare da an tace ba da kuma rashin rajistar kamfani, shi kuwa yana cewa takardunsa na hannu, fim ɗin ma ba a Kano ya sake shi ba. A ƙarshen Disamba 2008 aka yanke masa wata 15 da tarar naira 300,000. Ya kwashe watanni a tsare kafin babbar kotu ta rushe hukuncin a 2009. Abuja ta ba shi abin ratayawa a bango, Kano ta ba shi bango huɗu. A faɗa mini wace ce ta fi hannu sake.

Ba wai ina cewa kada a tace fim ba. Ni ma uba ne, akwai abin da ba na son 'ya'yana su gani a wayar da aka jingina da ƙwarya. Abin da ke ci mini rai shi ne hannun da ya ƙware wajen ɗaga bulala har yau bai koyi shafa kai ba. Wanda ya yi ba daidai ba, a sati guda sunansa ya cika rediyo. Wanda ya kwana yana gyara labari, ya nemo tsofaffin kalmomin da yaranmu suka fara mantawa ya sa a bakin 'yan wasa, shi fa wa ya kira shi?

Amma bari in koma ga godiya, don alherin bai ƙare ba. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin gina alƙaryar fim ta naira biliyan uku a Kofa, ƙasar Bebeji. Da aka yi ca a kan mumbari da kafofin sada zumunta, sai ta janye cikin 'yan kwanaki, ta hutar da matasa wahalar koyon haske da sauti da tace hoto. A 2016 ɗin ne kuma shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya ci kyautar AMVCA a Legas, kyautar kamfani mai zaman kansa. Kano ba ta manta da shi ba: a Mayun 2025 sunansa ya fito tare da Labarina cikin shirye-shirye 22 da hukumar tacewa ta dakatar. Gwamnatoci sun sauya, jam'iyyu sun sauya, shugabannin hukumar sun sauya, amma wannan kyauta ba ta taɓa yankewa ba. Ina wani aikin gwamnati da ya samu irin wannan ɗorewa? Ko rijiyar burtsatse ba ta kai haka.

Akwai kuma kyautar kakar zaɓe, wadda ita ce mai maiƙo. Ba a tambayar wane fim ka yi, sai wace waƙa ka yi wa mai gida da wane gangami ka cika masa. Mota ta fito, muƙami ya fito, kujerar Makka ta fito. Tsofaffin da suka gina sana'ar kuwa, an bar musu babbar daraja ta fitowa a Facebook suna kwance, ana karanta lambar asusu ana neman taimakon kuɗin magani.

Ranka ya daɗe Gwamna, da ku masu girma 'yan majalisa, mu mutanen Kunci masu kallo ne, kuma mun san fim mai kyau in mun gan shi. Ku sa a doka, kowace shekara a zaɓi marubuci da darakta da ɗan wasa da mai ɗaukar hoto, alƙalan su zama masana ba 'yan jam'iyya ba, a ba su a bainar jama'a suna da rai. Ibro dai ya riga ya wuce. Ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014, kuma abin da goggona ta sani gwamnati ta ba shi shi ne wata biyu a gidan yari.