Masu Musun Kwatabak

A Amurka, daga ƙarshen Agusta zuwa Janairu, hankalin jama'a na kan ƙwallon jami'o'i, irin wadda ake runguma a hannu ana bangazar juna. Mai jagorantar hari, wanda ke jefa ƙwallon, shi ake kira kwatabak. Ka tambayi 'yan kallo wane ne gwanin gwanaye, sannan ka gyara zama.

Wanda zai fara tasowa shi ne Malam Lissafi. Bai taɓa yin gumi a fili ba, amma ya haddace cewa Joe Burrow na jami'ar LSU ya yi jifa an ci sau 60 a kakar 2019, wasa 15 ba a doke su ba. Ko gaishe shi ka yi, da adadi zai amsa.

Sai Dattijo. A wurinsa, tun da Roger Staubach na makarantar sojan ruwa ya karɓi kyautar Heisman ta gwarzon ɗan ƙwallon jami'o'i a 1963, ba a sake haihuwar namiji ba. Yaran yanzu, in ji shi, alƙalan wasa lallaɓa su suke kamar ƙwai.

Akwai Mai Dare Ɗaya, wanda har tausayi yake ba ni. Mutumin Texas ne, agogonsa ya tsaya tun Janairun 2006, lokacin da Vince Young na Texas ya ruga da ƙwallo ya ci saura daƙiƙa 19, aka kayar da jami'ar USC 41 da 38. Ba ya iya ba da labarin a zaune. Sai ya miƙe ya kwaikwayi gudun, ya kifar maka da lemo, ya dawo yana haki. Matarsa ta sha jin labarin har ita ke gyara masa idan ya yi tsallake.

Ɗan Nebraska kofi yake ƙirgawa: Tommie Frazier, 1994 da 1995. Ɗan Florida ya ce ai Tim Tebow ma biyu gare shi, ga Heisman na 2007. Ka tuna masa cewa a kofin farko Chris Leak ne ke fara wasa, sai tari ya sarƙe shi.

Mafi ban haushi shi ne Ɓata Zance. Ana tsaka da musu sai ya jefo Tom Brady da kofunan Super Bowl bakwai na gasar ƙwararru. A ce masa maganar jami'a ake yi, kuma da Brady ya bar Michigan sai da ƙungiyoyin ƙwararru suka ɗebi mutum 198 kafin a waiwaye shi a 2000, ya ce ai shi ya sa.

Ni dai Cam Newton na Auburn na zaɓa: a 2010 wasa 14 babu faɗuwa, ga Heisman, ga kofi. Wanda bai yarda ba, ya koma sama ya nemi sunansa.